Yadda Ake Farautar Zinogre, Kerkecin Tsawa na Wasannin Monster Hunter

Duk wanda ya daɗe yana buga Monster Hunter, wasan bidiyo na farautar dodanni, ya san wannan lokacin: dodon ya ja da baya, ya tsaya cak, ya ɗaga kai sama yana kuka, sai ka ga ƙananan ƙwari masu haske suna tururuwa daga ko'ina suna sauka a gadon bayansa. Kafin ka ankara gashin bayansa ya miƙe, jikinsa ya koma shuɗi da fari, ƙasa tana tartsatsi a ƙarƙashin ƙafafunsa. Wannan shi ne Zinogre. Kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fara fito da shi a 2010 cikin Monster Hunter Portable 3rd, inda ya addabi mutanen ƙauyen Yukumo na cikin wasan, kuma tun daga nan ya sha dawowa a jerin wasannin: yana cikin 3 Ultimate, da 4 Ultimate, da Generations, da Iceborne na 2019, da Rise na 2021. Makamai sun canza, filaye sun canza, amma halinsa yana nan. Wanda ya gane shi a wasa ɗaya ya gane shi a sauran.

Abu na farko, tun kafin ka ɗauki makami, shi ne ka san daga ina wutarsa take fitowa. Zinogre shi kaɗai ba ya iya tara lantarkin da yake kashe mutane da shi. Ƙwarin tsawa ne suke tara masa. Suna fakewa a bayansa saboda yana cinye tsuntsayen Gargwa da ke cinye su, su kuma suna biyansa da wuta. Don haka faɗan gaba ɗaya a kan ƙwarin nan yake: ko ka hana su taruwa, ko ka tarwatsa su bayan sun taru. Idan ka riƙe wannan a ranka, duk sauran matakan za su zo maka da sauƙi.

Sai shiri. Ka nemi makamin ƙanƙara, domin ita ce ta fi cin jikinsa. In babu, na ruwa ma yana taimakawa. Makamin tsawa kuwa ka ajiye shi a gida, ɓata lokaci ne. A Iceborne ana ƙera makaman ƙanƙara masu kyau daga sassan jikin dodannin Barioth da Legiana da Velkhana, a Rise kuma akwai na Barioth da na Goss Harag. Bayan makami, ka duba sulkenka, kuma kada ka tsaya a kan lambar kariya kawai. Ka dubi yadda yake jure tsawa. Sulke mai kauri amma mai rauni ga lantarki zai sa bugu biyu kacal su kai ka ƙasa. A Iceborne, idan juriyar tsawarka ta kai 20, cutar tsawa ba za ta kama ka ba, kuma akwai alkyabbar kariya daga tsawa da za ka iya yafawa na ɗan lokaci idan abu ya yi zafi.

Cutar tsawan nan ita ce ainihin abin da ke kayar da yawancin mafarauta, ba ƙarfin dukan ba. Da zarar ta kama ka, jiri yana saurin ɗibarka. Duka ɗaya, biyu, sai ka ga taurari suna juyawa a kan mafaraucinka, yana tsaye ba ya iya motsi, dodon kuma yana ɗaga dagi na uku. Maganinta 'ya'yan Nulberry. Ka cika jaka da su, ka sa su kusa da maganin ƙara lafiya yadda hannunka zai kai gare su ba tare da dogon nema ba. Ka ci abinci a sansani kafin ka fita, ka zaɓi wanda ke ƙara juriyar tsawa. Ka ɗauki tarkon rami. Tarkon lantarki kuma ka yi hattara da shi: idan dodon ya cika caji zai farfasa shi ya wuce kamar ba a ɗana komai ba, idan kuma bai cika ba, tarkon zai riƙe shi amma yana ƙara masa wuta. Kai da kanka ka ciyar da maƙiyinka kenan.

To, ka isa fili, ka same shi bai yi caji ba tukuna. Wannan ne lokacin da ya fi sauƙi, kada ka ɓata shi da leƙe daga nesa. Ka matsa, ka tsaya ta gefen ƙafafunsa na baya, ka fara aiki. Mai guduma ko makamin da ake kira ƙahon farauta ya nufi kai, domin ƙahonin dodon biyu suna karyewa. Mai takobi ya raba hankalinsa tsakanin dagin gaba da wutsiya, wadda ake iya yankewa a sami ƙarin abin fiɗa. Kada ka yi dogon sara. Sara biyu ko uku, ka ja jiki, ka ga abin da zai yi.

Ba za a jima ba zai tsaya ya fara kiran ƙwarinsa. A nan ne sabon mafarauci yake yin kuskuren da ni ma na yi a farkon haɗuwata da shi: ganin walƙiya sai na juya da gudu, na tsaya can nesa ina wasa takobi, ina kallonsa yana cika ƙarfinsa a natse ba mai damunsa. Ashe lokacin da ya tsaya ɗin nan shi ne kyautar da ya fi ba ka a duk faɗan. Ba ya bin ka, ba ya kai duka, kansa yana wuri ɗaya. Ka ruga ka sauke masa mafi nauyin saran da makaminka yake da shi. Idan dukan ya isa, zai yi tangaɗi, kiran ya katse, ƙwarin da ya tara su watse. Sai dai ka sa ido. Yakan yi kiran fiye da sau ɗaya kafin ya cika, kuma a na ƙarshe wuta tana fashewa a kewayensa. Idan ka ga hasken ya yi yawa, kukan ya yi tsawo, kuma bai ko girgiza da dukanka ba, ka bar wurin. Sara ɗaya na ƙari bai kai rabin lafiyarka ba.

Ko ka yi ƙoƙari yaya, wata rana sai ya cika. Kada ranka ya ɓaci, ba ka yi laifi ba, haka aka gina shi. Yanzu sai faɗan gaske.

Babban makaminsa dagin gaba ne. Yana ɗaga ɗaya ya maka a ƙasa, ya juyo ya bi ka da ɗayan, kuma idan yana cikin caji yakan kai uku. Ka koyi ƙirgawa. Ɗaya, ka kauce. Biyu, ka kauce. Kada ka ɗaga makami sai ka tabbata ya gama. Inda za ka kauce ma yana da muhimmanci: kada ka mirgina baya, domin dagin yana da tsawon kai wa, zai same ka a inda ka tashi. Ka mirgina ta gefe, ko ma ka shige ta ƙarƙashin hammatarsa zuwa wajen ƙafar baya. Da farko zuciya ba ta yarda mutum ya nufi abin da ke son kashe shi, amma kusa da cinyarsa ya fi gabansa aminci nesa ba kusa ba. A wasannin baya-bayan nan yakan ɗan riƙe dagin a sama yana tara wuta kafin ya sauke, don ya kama mai gaggawa. Ka kalli dagin kansa, kada ka bi kiɗan da ka saba. Mai mashi da garkuwa yana iya tarewa, amma ya lura da ƙarfin numfashinsa, kada ya ƙare a tsakiyar jerin.

Akwai kuma tsallen da yake yi sama ya faɗo da gadon bayansa. Dukan yana da muni ƙwarai, amma idan ka kauce masa, dodon zai ɗan kwanta a rigingine kafin ya tashi, ƙafafu a sama. Nan ma ƙofa ce a buɗe. Wutsiyarsa yana sharo ta da juyi, don haka mai aikin yanke ta kada ya tsaya daidai bayanta. Ƙwallayen lantarkin da yake jefowa ba sa tafiya a miƙe, lanƙwasa suke yi, shi ya sa mai baka ko bindiga da ya tsaya a matsakaicin nisa ya fi kowa shan su. Ko ka matso sosai, ko ka ba su hanya.

Cajin ba ya dawwama idan kana dukansa. Ka ci gaba da sara a dagi da kai, kaɗan-kaɗan, ba tare da kwaɗayi ba, har lokacin da zai faɗi, wutar ta mutu, gashin ya kwanta. Idan ya faɗi yana cikin caji, ana iya kamo ƙwarin tsawa daga bayansa da ragar kama ƙwari. A Iceborne ragar da ake harbawa ce take wannan aikin. Ƙwarin suna da amfani wajen ƙera kayansa. Idan kuna farauta ku huɗu, mutum ɗaya ya isa ya yi kamun, sauran su zuba wa kai da wutsiya.

Shan magani ma yana da lokacinsa. Kada ka sha a gabansa don kawai ka ga layin lafiyarka ya ragu. Ka bari ya gama jerin dukansa, ko ya koma kan kyanwar da ke taya ka faɗa ko abokin farautarka, sannan ka sha. A Rise ƙwaron igiya, wanda mafarauci ke lilo da zarensa, yana fizge ka daga ƙasa bayan an buge ka, amma kada ka yi saurin amfani da shi, domin wani lokaci kwanciyar ce take tsirar da kai daga dagi na gaba. Suma uku ke rusa yawancin farauta, kuma kana da minti 50. Lokaci ya ishe ka.

Idan ka ga yana ɗingishi yana neman makwancinsa, ƙarshe ya zo. Mai neman kayan da ba a cika samu ba sai ya duba littafin farauta na wasan da yake bugawa, ya ga ko kamu ya fi ko kisa. In kamu ne, ka bi shi, ka ɗana tarkon rami, ya faɗa, ka jefa masa bama-baman sa barci guda biyu.

Bayan ka saba da wannan, za ka haɗu da danginsa. Stygian Zinogre, baƙi mai jan walƙiya, ƙarfin da wasan ke kira dragon yake tarawa ba lantarki ba, don haka sulken da ka shirya wa na farko ba zai yi maka aiki iri ɗaya ba, kuma tsawar da ba ta cin ɗan'uwansa ita ce take cinsa. Thunderlord na Generations da Apex na Rise sun fi zafin duka da tsawon jeri. Ka sake duba jakarka da sulkenka kafin kowannensu, ka shiga ta gefen ƙafar baya kamar yadda ka saba, ka fara ƙirga dagi.