Idan 'yarka ta yi yaji saboda duka: abin yi kafin a karɓi biko

Kuskuren da aka fi yi shi ne korar ta tun daga zaure: "Koma ɗakinki, mu ma haƙuri muka yi." Miji ya gane ke nan babu mai tuhumarsa. 'Ya'yan da suka ga marin kuma sun ɗauki darasi: namijin ya koyi ɗaga hannu, macen ta koyi yin shiru.

Ka bar ta ta kwana. Uwa ko gwaggo ta duba jikinta a ɗaka. In akwai kumburi, jini a kunne, ko tana da juna biyu, a je asibiti a ranar, a karɓo takardar likita, a ɗauki hoton raunin. Shatar duka kan baje cikin mako biyu, alƙali kuwa hujja yake nema.

Kada a ce mata "me kika yi masa?" Tambayar ta riga ta ɗora mata laifi. A tambaye ta sau nawa ke nan, kuma ko ya taɓa shaƙe ta ko zare mata wuƙa. In ta ce e, a ajiye maganar biko tukuna, don wanda ya kai hannu wuya yana iya kisa.

Wajen sulhu, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ba da tsari: mutum ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata. A nan ake tafka ɓarna, sai a turo kawun da shi ma dukan matarsa yake yi, ya zo yana cewa ai gyara ne. A zaɓi wanda aka shaidi zaman gidansa. A fara jin kowa shi kaɗai. Kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki gaban surukai ba. Sharuɗɗa a rubuce, liman ko mai unguwa ya sa hannu, wani daga danginta ya leƙa bayan mako guda, sannan bayan wata.

In ya sake dukanta, sai kotu. A mazhabar Malikiyya alƙali na iya raba aure saboda cutarwa in ta tabbata, ba tare da ta biya kul'i ba. Dokar VAPP ta 2015, wato dokar tarayyar Najeriya da ta haramta cin zarafin mutane, ita ma ta tanadi umarnin kariya daga kotu, amma a bincika ko jiharku ta zartar da tata.

Jikokin da suka zo tare da ita kuma, a sa musu ido. In yaron ya kai wa ƙanwarsa duka, kada a yi dariya a ce jinin maza ne. A riƙe hannunsa nan take, a sa shi ya ba ta haƙuri.