Yadda za ka sa kwamfuta ta sake tashi da kanta in ta faɗi

Duk mai siber ko shagon buga takardu a Damagaram ya san abin nan, ka bar mashin tana aiki ka tafi sallar azahar, ka dawo ka tarar da shuɗin allon da Windows ke nunawa in ta faɗi ya tsaya cik, ga kiliya zaune bisa benci yana jiran takardarsa. Gyaran bai kai minti 2 ba.

Danna maɓallin Windows haɗe da R, ka rubuta sysdm.cpl ka buga Entrée. Yawancin mashinanmu da Faransanci suke, to shiga "Paramètres système avancés", can ƙasa akwai "Démarrage et récupération", danna "Paramètres". In taka daga Kano ta zo da Ingilishi, "Advanced" ne sannan "Startup and Recovery". Sai ka sa alama a "Redémarrer automatiquement", ka danna OK sau biyu, shi ke nan. Amma fa sai kana kan akawun na administarate.

Asali Windows da alamar take zuwa, sau da yawa mai gyara ne ke cire ta don ya karanta abin da allon ya rubuta, ya manta bai mayar ba. Kuma yana da gaskiya, don in mashin na tashi da kanta ba za ka ga sunan matsalar ba, kai dai ka ga ta mutu ta dawo, ka ce ai lafiya lau, alhali ciwo na ciki. Shi ya sa tun kana wurin ka zaɓi "Image mémoire partielle", ƙaramin fayil ne na 256 Ko da take ajewa a C:\Windows\Minidump duk faɗuwa, shi za ka nuna wa mai gyara. Ni dai a ganina wanda ya tsallake wannan bai yi komi ba. Tawa ta taɓa yin haka lokacin zafin Afrilu, da muka buɗe ta ashe ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, ta daskare kamar auduga.

In ta shiga faɗuwa tana tashi ba tsayawa, kar ka tsorata, bayan ta kasa sau 2 ko 3 Windows na kai ka wurin gyara da kanta, nemi "Paramètres de démarrage" ka danna 9, zai tsayar da tashin ka samu ka ɗauki hoton allon da salula.

Ɗaukewar kuran kuma daban ce, wannan alamar ba ruwanta da ita. Sai ka shiga BIOS, wato wurin saitin mashin tun kafin Windows ta buɗe, lokacin kunnawa ka danna F2 a Dell, F10 a HP, ka nemi inda aka rubuta "AC Recovery" ko "After Power Loss" ka mayar da shi "Power On", da wuta ta dawo mashin ɗin tebur za ta tashi ba sai an taɓa ta ba. Ka dai sa mata regilate a tsakani, don wani lokaci da ƙarfi wutar ke dawowa. Kuma in akwai lambar sirri, a ƙofar shiga za ta tsaya tana jiranka.