Ga sababbin zuwa Damagaram: in gwiwar mai ciwon suga ta kumbura dare ɗaya

Masauki ba zai ba ku wahala ba. Daga unguwar Zango har unguwar Birni Hausa ake yi, kuma mutanenmu na Daura da Kano da suka riga ku zuwa ba sa barin baƙo ya kwana a tasha. Wannan kam ina alfahari da shi. Lissafin kuɗi ma nan da nan za ku iya: dala sefa 5 ce, jika 1,000. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kuke tahowa da dattawa masu ciwon suga da hawan jini, maganinsu a ƙulle cikin leda, ba kwali ba takarda.

Sai wata safiya Baba ya tashi gwiwa ta yi suntum, ya kasa durƙusawa a salla. Kowa ya ce sanyi ne, ko gajiyar mota. A aika yaro wurin mai tallar magani ya sayo diclofenac, a kira wanzami ya yi ƙaho. Don Allah ku daina. Diclofenac da ibuprofen suna taɓa ƙoda suna ɗaga hawan jini, mai suga kuwa dama ƙodarsa a kan siraɗi take. Dexamethasone da ake haɗawa cikin maganin ciwon jiki yana harba suga sama. Tsaga kuma ƙofa ce aka buɗe wa ƙwayoyin cuta a jikin da rauni ba ya saurin warkewa.

Kawuna haka ya same shi. Da na isa ɗakin, gwiwar tana sheƙi, ka ɗora tafin hannu ka ji zafi rau, ko zanen rufa ba ya so ya taɓa ta. Yana cewa, "Ɗana, ku bar ni, gobe zai faɗa." Bai faɗa ba. Da aka zuƙo ruwan gwiwar da allura a asibiti, mugunya ce. Ƙwayar cuta ta shiga gaɓa, irin wadda ke cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma har yau a kan kujera yake salla.

Ido ba ya bambanta wannan da gawut, ciwon gaɓar da maganin hawan jini mai sa fitsari kan tayar, ko da jinin da ke taruwa a gwiwar mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa. Likita ma sai ya gwada ruwan. Saboda haka in gwiwa ta kumbura farat ɗaya, da zafi, mutum ba ya iya takawa, ku nufi Babban Asibitin Damagaram a ranar, ko dare ne. Kada ku jira zazzaɓi ya kai digiri 38, dattijo mai suga yana iya ɗauke da cutar jikinsa bai yi zafi ba. In sharaɓa ce ta kumbura har da haki, kada ma a murza ta. Kafin ku isa, paracetamol kawai, a ɗora ƙafar kan matashi, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma minti 15.

Ku tafi da sefa a hannu, naira ba za ta yi muku aiki a farmasi ba, kuma nan takardar magani ake miƙa wa ɗan jinya ya je ya sayo. Da Faransanci ake rubuta ta, sai ku nemi wani cikinmu ya raka ku, ba mai ƙi. Ku ɗauki kwalayen duk maganin da yake sha. Awon suga ma ya bambanta: a nan da giram ake rubutawa, in kun ga 1,26 to 126 ke nan a na'urar da ke awo da miligiram. Na ga wanda ya ga 3 a takardar mahaifiyarsa ya ruga neman lemo yana zaton suga ta faɗi, alhali 300 ce.