Kurakuran da ke sa tsage ya kuɓuce wa mai fatsa a kogin Zambezi

Tsage ba baƙo ba ne a wurinmu, masuntan Yauri da Kainji sun san kaifin haƙoransa. Amma a kogin Zambezi, wanda ya bi ta Zambiya da iyakarta da Zimbabuwe, mutane ne ke biyan maƙudan kuɗi don kawai su kama shi da fatsa, su ɗauki hoto, su mayar da shi ruwa. Da yawa sukan dawo hannu Rabbana, kuma galibi ba rashin sa'a ba ne.

Babban kuskuren tun daga gida ake tafka shi, wato zaɓen lokaci. Yanayin Zambiya da Zimbabuwe kishiyar namu ne. Sanda muke fama da hazon hunturu, su damina ce tsundum, ruwan kogi ya yi jajir da laka. Tsage kuwa da ido yake farauta, in ruwa ya gurɓace ba ya ganin koto. Ga shi Zambiya takan hana su a yawancin ruwayenta daga 1 ga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu don kifi ya hayayyafa. In ƙasa da madatsar Kariba za ka, wajen gandun dajin Mana Pools na Zimbabuwe, to ka nufi Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba. A lokacin ruwa ya yi garau, ya kuma yi ɗumi, kifi na kai cafka. Sai dai a Oktoba zafin kwarin yakan haura digiri 40, kamar bazarar Sakkwato, don haka a fita da sassafe, a koma inuwa da rana, a sake fita da la'asar.

Wani kuma sai ya ɗauka kogin duk lokacinsa ɗaya ne. Ina! A can sama, filayen Barotse da ke yammacin Zambiya, harkar tana kankama ne tun wajen Yuni da Yuli, lokacin da ambaliya ke janyewa. Ƙananan kifaye suna barin fadama suna komawa cikin kogi, tsage kuma yana tare su a bakin mashiga. Ka tambayi ɓangaren da za ka tukuna, sannan ka sayi tikiti.

Sai kayan aiki. Duk wanda ya ɗaura ƙugiya kai tsaye a igiyar roba ya yi wa kifin kyauta, cizo ɗaya zai datse ta. A sa guntuwar waya mai tsawon kamar taƙi ɗaya tsakanin igiya da ƙugiya, in ta lanƙwashe a sauya. Ƙugiyar ma a wasa ta, domin bakin tsage kusan duk ƙashi ne, mai dakushi zamewa kawai take yi.

Inda aka fi asara shi ne bayan ya kama. Zai fizga da gudu, ya yi tsalle sama yana girgiza kai, sabon shiga kuma sai ya ɗaga sanda sama don murna. Nan take igiya za ta yi sako-sako, ƙugiya ta fita. Ka sunkuyar da kan sandar wajen ruwa, ka ci gaba da naɗewa, kada igiya ta saki ko na ƙiftawar ido. Ko gwanaye ma wanda ke tsere musu ya fi wanda suke kaiwa jirgi yawa, saboda haka ba abin ɓacin rai ba ne.

In ya shigo hannu, da filaya ake cire ƙugiya, ba da yatsa ba. A jiƙa hannu kafin a taɓa shi, kada a yar da shi a kan ƙarfen jirgi mai zafi ana neman wayar ɗaukar hoto. A gandun dajin Lower Zambezi doka ce a sake shi. Wajen sakin ma a yi da sauri, kada a daɗe a sunkuye hannu cikin ruwa, domin kogin cike yake da kada. Matuƙin jirgi in ya ce a kauce wa wani lungu saboda dorina, a bi maganarsa ko da kifi na tsalle a wurin.