Yadda za a raba yara a ƙungiyar ninƙaya

Salamu alaikum 'yan uwa masu horar da yara. Kada ku raba su da shekaru kaɗai. Rukunin 'yan shekara 10 zuwa ƙasa, 11 zuwa 12, da 13 zuwa 14 na ranar gasa ne, atisaye kuwa da gwaji ake fara shi. Ranar farko kowane yaro ya yi mita 25 ba tsayawa, sannan ya kwanta rigingine a kan ruwa. Ku lura da numfashinsa: fuska na cikin ruwa yana juya kai gefe, ko ɗaga ta yake yi sama? Yaran da suka koya a rafi ko kududdufi galibi suna da ƙarfi, amma kansu a ɗage yake, ƙafafu na nutsewa. Irin waɗannan a rukunin masu matsakaicin ƙwarewa za su fara, komai saurinsu.

Matsalar tana ga ɗan shekara 13 da bai iya komai ba. In kuka haɗa shi da 'yan shekara 7, kunya ce za ta kore shi, ba gajiya ba. A ware musu layi guda a cikin wurin ninƙayar, shi da sa'o'insa, ko su uku ne.

A cikin layi, mafi sauri ke gaba, a bar daƙiƙa 5 tsakaninsu. A sake gwajin duk bayan wata 3, kuma a sanar da iyaye tun wuri, don wasu za su zo da ƙorafi.