Yadda Za Ka Haɗa Kayan Gitar Bes Ka Riƙe Aikin Kiɗa a Arewa

Masu kaɗa bes, wato gitar nan mai zurfin murya da ke riƙe ƙasan waƙa, ba mu da yawa a Arewa, kuma akwai dalili. Yawancin waƙoƙin da ake bugawa a sitidiyon Kano da Kaduna, fiyano ne ke yin komai: ganga, sarewa, har bes ɗin ma, duk daga na'ura ɗaya. Aikinmu yana inda ake kiɗa kai tsaye, wato coci ranar Lahadi, otal daren Juma'a da Asabar, dinar biki, da taron gwamnati. Wuraren kaɗan ne, masu kiran kuma sun san juna. Idan kayanka suka mutu a tsakiyar waƙa a Barnawa, kafin sati ya zagayo labari ya kai Sabon Tasha. Shi ya sa nake gaya wa yaran da ke zuwa koyo wurina cewa abin da za su fara nema shi ne kayan da ba za su ba su kunya a gaban jama'a ba. Gudun yatsa zai zo daga baya.

Mu fara da gitar. Tun da Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951, ya bi ta da Jazz Bass a 1960, kusan duk bes ɗin da za ka gani a kasuwa daga waɗannan biyu ta samo siffa. Tsawon tsirkiya inci 34, tsirkiya huɗu, E, A, D, G. Precision na da murya mai kauri da ke zama daram a ƙarƙashin waƙa. Jazz wuyanta ya fi siriri, muryarta ta fi fitowa sarari. Mai farawa ba ya bukatar Fender ta asali. Squier, ko Yamaha, ko Ibanez, ko Cort, kowacce za ta yi maka aikin shekaru. Ka yi hankali da wadda aka manna wa tambarin babban kamfani ana sayar da ita a kuɗin da bai kai na tsirkiya da jaka ba, irinsu sun cika kasuwa. Idan a coci za ka fi yin aiki, ka yi tunanin mai tsirkiya biyar. Mawaƙan coci na yawan ɗaukar waƙa a E-flat ko D-flat, kuma tsirkiyar B ta ƙasa ce ke ba ka waɗannan muryoyi masu zurfi ba tare da ka sassauta komai ba.

Sabuwa ce ko gwanjo, a Alaba ta Legas ka je ko a Sabon Garin Kano, kada ka biya sai ka zauna da ita. Ɗaga ta ka kalli wuyan daga kai zuwa gindi da ido ɗaya. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne, amma idan wuyan ya murɗe gefe, ajiye ta ka wuce, wannan ba ya gyaruwa da arha. Danna kowace tsirkiya a kowane gida, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafunan wuya, tun daga na farko har na ƙarshe, ka saurari inda take zizara ko muryar ke mutuwa. Sa a jona ta a amfilifaya, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza waya a bakin ramin da take shiga. Sannan ka nemi a kawo makullin alan a gwada sandar ƙarfen da ke cikin wuyan a gabanka. Idan ta ƙi motsi, ko kan ta ya cinye, ciniki ya ƙare. A ƙasarmu gitar da wannan sanda ba ta aiki ba za ta wuce hunturu ɗaya lafiya ba.

A nan zan ɗan daɗe, don babu abin da ke kashe gita a Arewa kamar sauyin yanayi. Katako na shan danshi da damina ya kumbura, ya bushe da hunturu ya tsuke. Daga Disamba zuwa Fabrairu za ka ji bakin ƙarafunan wuya sun fara fitowa suna kartar hannu, tsirkiya kuma ta yi nisa da wuya ko ta kwanta tana zizara. Damina na sauka komai ya koma wani gefe. Saboda haka dole ka iya gyaran wuya da kanka. Danna tsirkiyar E a gida na farko da kuma gidan ƙarshe lokaci guda, ka dubi tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe na bakwai ko na takwas. Ya kamata ta kai kaurin katin gaisuwa, kusan milimita 0.3. Idan ta fi haka, ɗaure sandar zuwa dama. Idan tsirkiya ta kwanta a kan ƙarfe, sassauta zuwa hagu. Kwata ɗin zagaye kawai za ka murɗa, ka sake saita murya, ka bar katakon ya huta kafin ka ƙara. Idan ka ji ta cije, kada ka yi mata ƙarfi. Na ga gita mai kyau da aka karya wa sanda saboda gaggawa, mai ita ya koma aro har shekara ta zagayo.

Bayan wuya ya daidaita sai tsayin tsirkiya a kan gada, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiya a gindin gita: milimita 2 zuwa 2.5 a gida na 12 ya ishi yawancin hannaye. Daga nan ka gwada muryar gida na 12 da na'urar saiti. Idan ta haura, ja sirdin tsirkiyar baya. Idan ta gaza, matso da shi gaba. Katakon da ake dannawa a kai, idan baƙi ne mara fenti, yana son ɗigon man gita sau ɗaya ko biyu a shekara, musamman farkon hunturu. Kada ka shafa masa man gyaɗa ko manja, suna yin ɗoyi su kama ƙura. Kuma kada ka bar gita a but ɗin mota da rana a watan Afrilu, ko jingine da bangon da rana ke duka.

Tsirkiya tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba. Mai kauri 45 zuwa 105 ita ce ta gama-gari. Gumi da ƙura ne ke kashe muryarta, don haka tsumma mai tsabta ya zauna a jakarka, ka goge sama da ƙasan kowace tsirkiya duk lokacin da ka gama. Idan ta dushe kuma aljihu babu nauyi, cire ta ka tafasa a ruwa minti goma zuwa sha biyar, ka shanya ta bushe sarai kafin ka mayar. Murya za ta dawo na ɗan lokaci, amma dabarar ba ta wuce sau ɗaya ko biyu. In ka sa sabuwa, tsohuwar ta shiga jaka, ranar da ɗaya ta tsinke a Kafanchan da dare za ka gode mata.

Idan gitarka mai batir ce, batir ɗin mai bolt 9 yana fara ci ne da zarar ka soka waya, ko ana kiɗa ko ba a yi. Zare waya duk lokacin hutu. Alamar ya kusa ƙarewa ita ce murya ta fara karcewa. Ni dai na fi son wadda ke da maɓallin komawa aiki ba batir, ko wadda ba ta da batir ɗin gaba ɗaya, don abin da babu shi ba ya lalacewa.

Sai amfilifaya da wuta, inda yawancin kuɗin makaɗa ke ƙonewa. Muryar tsirkiyar E tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ta B kuma kusan sau 31, kuma tura irin wannan murya yana cin ƙarfi sosai. Ƙaramar amfilifaya mai wat 15 ko 25 ta ɗaki ce. Idan akwai mai ganga a bayanka, nemi wat 200 zuwa sama. Hartke, Peavey, Laney, Ampeg, Fender Rumble, duk ana samunsu gwanjo. Kafin ka jona kowace, juya bayanta ka karanta. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Amfilifayar da ta zo daga can, in ba ta da maɓallin sauya wuta, tana bukatar tiransifoma mai rage ƙarfi, in ba haka ba hayaƙi za ka gani a daƙiƙar farko. Idan kan amfilifaya da akwatin lasifika daban-daban ne, duba lambar om da aka rubuta a bayan kowanne. Akwatin lasifika biyu masu om 8 idan aka haɗa su sun zama om 4, kuma kada ka sauka ƙasa da abin da aka rubuta a bayan kan. Wayar gita daban, wayar lasifika daban, ko da bakinsu iri ɗaya ne.

Yawancin bukukuwa da janareta ake yi, kuma sau da yawa layi ɗaya ne ke ɗauke da fitilu, firji da kayan kiɗa. Sayi sitabilaiza taka, ka riƙa yawo da ita duk nauyinta. Kada ka kunna amfilifaya sai injin ya tashi ya daidaita. Idan ka ji za a sauya daga nepa zuwa inji, kashe tukuna. Amfilifaya ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa.

Akwai abin da ya fi kaya muhimmanci a nan. Kada ka yarda kowa ya karya ƙafar ƙasa ta filogi don wai a kashe ƙugi. Tsirkiyar da ke hannunka a haɗe take da jikin amfilifaya, kuma idan wuta ta zube, ta jikinka za ta bi, musamman da damina a ƙarƙashin rumfa, ƙasa a jiƙe. In ka ji wani ɗan cizo a leɓe lokacin da ka kusanci makirfo hannunka na kan tsirkiya, tsaya nan take a duba. Kada ka yi kiɗa ba takalmi a kan siminti. Maganin ƙugi shi ne ƙaramin akwatin DI, wanda ke ɗaukar muryarka ya kai ta miksa kai tsaye, yana da maɓallin da ke yanke ƙugin ba tare da ya taɓa kariyar wuta ba. Wannan akwati ya fi kowace feda, wato na'urar sauya murya da ake takawa da ƙafa, amfani. Ranar da amfilifaya ta ƙi tashi, da shi za ka gama aikin.

A jaka kuma: waya biyu, batir, na'urar saiti, makullin alan, sukundireba, fis, tocila, doguwar wayar wuta taka ta kanka. Maɗauri ya zama mai faɗi, don gita na kai kilo huɗu kuma biki na iya cin awa huɗu a tsaye. Sayi abin toshe kunne. Ma'aunin da masana lafiyar aiki ke amfani da shi shi ne desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Tsayuwa kusa da faifan mai ganga ya wuce haka nesa, kunne kuma idan ya tafi ba ya dawowa.

A wurin aiki, ka riga kowa zuwa. Tsaya inda kake ganin ƙafar mai ganga, domin kai da babbar gangarsa abu ɗaya kuke, kamar turmi da taɓarya. Idan ba a jin ka, kada ka yi saurin ƙara maɓallin muryar ƙasa na amfilifaya. A zaure mai rufin kwano da daɓen siminti wannan ruri kawai yake ƙarawa, ya cinye ƙarfin amfilifaya. Ɗaga na tsakiya kaɗan, ka janye akwatin daga kusurwa, ka ɗora shi a kan kujera ya fuskanci kunnenka. Yi magana da mai fiyano cikin girmamawa tun kafin a fara, ka ce masa, “Maigida, don Allah a bar mini ƙasan.” Ya saba cike wurin bes da hannun hagu, kuma idan ku biyu kuna can, waƙa dagulewa take. Tambaye shi ainihin makullin waƙar, don da yawansu suna danna maɓallin sauya murya, yatsunsu na C alhali sauti na fita a wani wuri. Ka koyi jin waƙa da do-re-mi yadda ake yi a coci, saboda mawaƙiya za ta ɗauko waƙar da ba a yi gwajinta ba, a muryar da ta zo mata, kuma dole ka same ta kafin baiti na biyu. Idan akwai mai kalangu, rage yawan bugunka. Shi yana magana da gangarsa, kai riƙe masa ƙasa za ka yi.

Maganar kuɗi a gama ta kafin ranar. Nawa ne, awa nawa, wa zai biya mota, a karɓi kafin alƙalami, a rubuta a saƙon waya kowa ya gani. Kuɗin da baƙi ke bayarwa a fili, a yanke yadda za a raba tun ana gwaji, domin mai bes yana baya, hannun masu kyauta ba ya kai wa gare shi, kuma na ga ƙungiyoyi masu kyau sun watse a kan wannan. Ka kuma sani dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana liƙi da tattaka naira, don haka ku ajiye faranti ko kwando a gaba a riƙa sakawa.

Aikin na da kaka da rani. Disamba da makonnin bayan sallah ba ka samun barci, da azumi kuwa bukukuwa sukan tsaya. Ware wani abu daga kuɗin kowane aiki don tsirkiya da gyara, lokacin da aiki ya yi sanyi kuma ka kai amfilifaya a buɗe a busa mata ƙura, a duba fankarta da ramukan waya. In tafiya ta kama a motar haya, kada ka bari a ɗaure gita a but tare da buhuna. Riƙe ta a tsaye tsakanin ƙafafunka, in hanya mai nisa ce kamar Kaduna zuwa Jos, biya mata kujera, ka sa kuɗin a cikin lissafin da za ka ba mai biki.