Yadda Ake Neman Ƙarin Albashi Ba Tare da Roƙo Ba

Kafin komai, ma'aikaci ya fara sanin ko albashinsa irin wanda ake zama a tattauna a kansa ne. A Zariya, ma'aikacin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko Kongo, ko na Asibitin Koyarwa da ke Shika, ba shugaban sashensa ne ke yanka masa albashi ba. Jadawalin gwamnati ne, mataki-mataki, kuma ƙungiyoyin ƙwadago irin su ASUU ne ke zama da hukuma a kansa. Hanyar irin wannan ma'aikaci ita ce ƙarin girma. Bayanin nan na sauran ne, waɗanda albashinsu ke hannun mutum ɗaya ko biyu: malamin makarantar kuɗi a Tudun Wada ko Gyallesu, ma'aikaciyar jinya a asibiti mai zaman kansa, akawun gidan mai a Kwangila, mai tsaron kantin magani a Sabon Gari.

Galibin masu neman ƙari da kukan tsadar rayuwa suke shiga ofis, kuma kukan gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabi, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Sai dai mai gidan naka ma a kasuwa ɗaya kuke cefane, kuma amsarsa a shirye take: "Kowa yana ji a jikinsa, a ƙara haƙuri." Ga shi Zariya gari ne da jami'a da Kwalejin Nuhu Bamalli da sauran makarantu ke yaye ɗalibai kowace shekara, don haka da wuya teburinsa ya rasa takardun masu neman aiki. Tausayi yana iya sa ya ba ka ihsani sau ɗaya, amma abin da ke sa shi ƙara albashi shi ne lissafin abin da zai rasa idan ka tafi, da wahalar da zai sha kafin sabon hannu ya iya abin da ka iya.

Saboda haka ka rubuta hujjojinka tun kafin ranar magana, kuma su kasance abubuwan da shi ma zai iya dubawa a littattafansa. Malami ya kawo sakamakon ɗalibansa a jarrabawar WAEC ko NECO, da darussan da aka ɗora masa bayan wani ya bar aiki ba a maye gurbinsa ba. Akawu ya nuna bashin da ya karɓo da ɓarnar da ya toshe. A ganina babu hujjar da ta kai ta ƙarin aiki ƙarfi, wato an ɗauke ka domin abu ɗaya, yanzu kana yin uku, albashin kuwa na ɗayan ne. Yawan shekarun da ka yi a wurin hujja ce, amma mai rauni idan ita kaɗai ce.

Sannan ka binciki abin da ake biyan masu irin aikinka a wurare masu kama da naku, ta bakin abokan sana'a waɗanda ka yarda da su. Kada ka auna Zariya da Abuja, domin mai gida zai tuna maka bambancin kuɗin haya, maganar ta mutu a nan. Ka kuma san matsayin doka: mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 30,000 na 2019 zuwa naira 70,000 a watan Yuli na 2024, amma dokar ba ta hau kan ma'aikatar da ma'aikatanta ba su kai 25 ba. Idan kun kai wannan adadi kuma kana karɓar ƙasa da naira 70,000, haƙƙinka kake nema. Inda ake cire fansho, dokar 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki kashi 10, don haka duk adadin da za a ambata ka tambaya ko shi ne zai shiga asusunka, ko kuwa za a cire haraji da fansho daga cikinsa.

Lokaci yana da tasiri ƙwarai. Mai makaranta yana tsara kuɗin makaranta da albashi ne kafin sabuwar shekarar karatu ta watan Satumba, wanda ya zo bayan an gama lissafi sai a ce masa ya jira baɗi. Ƙarshen wata, lokacin da ake fafutukar haɗa albashi, bai dace ba. Haka nan kada ka tare shi a ƙofar masallaci ko wurin ɗaurin aure, kuma kada ka ɗauko zancen a gaban sauran ma'aikata, domin ko yana da niyya ba zai amsa a inda kowa zai ji ya biyo sahu ba. Ka nemi ya sa maka lokaci a ofis.

Idan an zauna, bayan gaisuwa, magana irin wannan ta isa: "Ranka ya daɗe, na gode da amanar da aka ba ni. Lokacin da na fara, lissafi kawai nake koyarwa, yanzu an ƙara mini kimiyya da kula da jarrabawa, ga kuma sakamakon bana. Ina neman a duba albashina, daga naira 80,000 zuwa 110,000." Faɗin adadi da baki shi ne wurin da kunya ke kayar da mutane da yawa, sai su ce "duk abin da Alhaji ya ga ya dace", alhali wanda ya faɗi haka ya riga ya karɓi kowane abu aka miƙo masa. Ladabi yana cikin murya da zaɓen kalmomi, bai hana ambaton kuɗi ba. Ka sa adadin ya ɗan ɗara abin da za ka yarda da shi, kamar mai sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari da ya san za a taya, amma kada ya yi nisan da zai sa a ɗauka ba da gaske kake ba. Bayan ka faɗa, ka yi shiru. Ko shirun ya yi tsawo, kada ka riga shi rage kuɗin da bakinka.

Idan ya ce babu hali, ka tambayi abin da zai yiwu: kuɗin mota, rangwamen kuɗin makarantar 'ya'yanka, ranar da za a riƙa sakinka domin ƙaro karatu, ko a raba ƙarin gida biyu, rabi yanzu, rabi bayan wata shida.

Wasu suna tura dattijo ko wanda ya samo musu aikin ya yi magana a madadinsu. Wannan yana buɗe ƙofa, musamman ga mace wadda zama ita kaɗai da mai gida zai yi mata nauyi, amma ɗan aike yakan mayar da zancen neman alfarma, kuma shi ba zai ja ciniki da abokinsa ba. Ya nema maka ganawa, ko ya zauna a wurin, adadin kuwa ya fito daga bakinka. Batun barazanar barin aiki ya fi wannan haɗari. Masu makarantu da asibitoci a garin nan sun san juna, kiran waya ɗaya ya isa ya tona cewa babu wanda ya yi maka tayi. Idan tayin na gaske ne, ka faɗe shi a matsayin labari, tare da nuna cewa ka fi son zama, kuma ka shirya wa jin "Allah ya ba da sa'a".

Abin da aka amince a kai ya shiga takarda, da adadin da watan da zai fara. Dokar Ƙwadago ma ta wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, don haka neman takarda ba rashin yarda ba ne. Inda ba a saba da wasiƙa ba, saƙon godiya ta WhatsApp mai ɗauke da adadin da ranar ya fi babu. Idan kuwa an ƙi, ka tambayi abin da ake so ka cika da watan da za a sake zama, ka ci gaba da aikinka yadda ka saba. In watan ya zo aka sake ɗagawa ba da dalili ba, ka fara neman wani wuri a natse, kuma ranar tafiya ka ba da sanarwa: in yarjejeniyarku ba ta tanadi fiye da haka ba, mako biyu ne ga wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai biyar.